Ranar da Na Yi wa Surukata Tafinta

Duk shekarun da surukata ta yi a gidanmu na Barking, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ita ma ba ta taɓa kai loma baki ina wurin ba. Gidan irin jerarrun nan ne da bango ɗaya ya raba ku da maƙwabci, ɗakunan kwana a sama, falo da kicin a ƙasa, ga bene siriri wanda mutum biyu ba sa giftawa. In zan hau nakan yi gyaran murya tun daga ƙasa, ita kuma da ta ji sai ta ja ƙofarta. Da safe in durƙusa a bakin ƙofar in ce, "Hajiya, an tashi lafiya?" ta amsa daga ciki, "Lafiya lau, Malam. An gode." Ba ta taɓa kama sunana ba. Haka muka taso muka gani a Zariya, kuma a lokacin har alfahari nake yi a gaban abokai cewa Landan ba ta raba gidana da kunya ba.

Ta dawo wurinmu ne bayan rasuwar maigidanta. A Zariya atamfa take sayarwa, gida-gida, da ƙafarta. Dama can mai jiki ce, amma jiki ne na mai zirga-zirga. A nan kuwa sai jikin ya yi ta hauhawa, gwiwoyi suka soma ƙara, salla ta koma kan kujera, likitan unguwa kuma ya ce suga ya fara leƙowa. Ya sa ta a layin masu jiran ganin ƙwararru kan ƙiba, layin da ba wanda ya san ranar da zai iso kanta.

Matata ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti da ke gabashin gari. Ita ta kawo maganar allurar nan ta rage ƙiba da ake yi sau ɗaya a mako, wadda ake iya samu ta hannun likitocin da ke duba marasa lafiya ta intanet. Ta ce da can tambayoyi kawai mutum zai amsa ya tura hoto, a aiko masa da magani har gida. To mutane suka yi ta ƙarya, siraran 'yan mata suna tura hoton wasu, sai hukuma ta ɗaure abin. Yanzu dole likita ya tabbatar da nauyin mutum da kansa, ya gan shi ta bidiyo yana tsaye a kan sikeli, ya yi magana da shi baki da baki, ya kuma gamsu cewa ya fahimci abin da za a ba shi. Na ce ai wannan doka ta yi kyau. Ban san a kaina za ta sauka ba.

Matata ta yi booking ɗin ganin likitar, ta ɗauki hutun ranar. Ana gobe aka turo saƙo cewa an yi cancel, an mayar da mu wata safiyar Talata, ranar da take aiki a ɗakin tiyata inda ko waya ba a shiga da ita. Ta nemi wanda zai canje ta, ba ta samu ba. Ta tambayi ko suna da tafintan Hausa, suka ce sai dai a ƙara jira, kuma ba su yi alkawari ba. Ni kuwa a ofishin gidaje na council, wato ƙaramar hukuma, nake, yawancin kwanaki daga gida nake aiki, kwamfutata a kan teburin cin abinci.

"Kai za ka yi mata," in ji ta, tana ninke kayan aikinta.

"Ni? Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"To wa zai yi? Yaran suna makaranta, kuma ko suna nan, ka taɓa jin sun haɗa jimla ɗaya da Hausa? Tambayoyi ne kawai. Tsawo, nauyi, wane magani take sha. Shi ke nan."

"Ita ta yarda?"

"Ta ce in kai ba ka damu ba."

Daga baya na gane cewa ita ma Hajiya abin da aka ce mata ke nan, wai ni na ce in ba ta damu ba.

Ranar Talatar ta sauko tun kafin lokaci. Na ji saukowar tata, taka ɗaya, ta huta, taka ɗaya, tana riƙe da ƙarfen bene. Ta zauna a kujerar da ke can ƙarshen falo cikin babban hijabinta mai ruwan toka, ta ajiye ledar magungunanta a kan cinya. Na zauna a ƙasa kan kafet, ɗan nesa da ita, na ɗaga wayar yadda fuskarta za ta fito.

Likitar mace ce, matashiya, da tabarau, tana zaune a wani ɗaki mai farin bango. Ta gaishe mu da fara'a, ta tambayi ko ni wane ne. Na ce mijin 'yarta. Ta ce madalla, ta roƙe ni in riƙa faɗin abin da kowa ya ce daidai yadda ya faɗa, kada in ƙara kada in rage. Na ce to.

Farkon abin ya zo da sauƙi. Shekarun haihuwa, magungunan hawan jini, ko wani a dangi ya taɓa ciwon maƙoshi. Ina ɗaga kwalayen magani ɗaya bayan ɗaya ina nuna wa wayar. Har na soma cewa a raina ashe matata ta yi gaskiya.

Sai likitar ta ce a hau sikeli. Na ɗauko shi na ajiye a falo, ta ce a'a, kafet yana ɓata awo, a kai shi inda ƙasa take da tauri. Muka nufi kicin, ni a gaba da sikeli a hammata, Hajiya a baya tana dafa bango. Da ta tsaya a gaban sikelin, likitar ta ce, cikin ladabi, tana bukatar ta ga jikin gaba ɗaya daga kai har ƙafa, kuma hijabin ya yi girma, ko za a iya cire shi, ɗankwali ya isa.

Na tsaya da maganar a bakina. Ban taɓa ganin surukata ba hijabi ko mayafi ba, ko sau ɗaya.

"Me ta ce, Malam?"

"Wai... hijabin yana ƙara nauyi."

Sai na ji motsin yadi. Na kawar da kaina gefe, na miƙa hannu da wayar can wajenta, idona a kan tagar bayan gida inda ake shanya.

"Yallaɓai," in ji likitar, "firjinku nake gani."

Na gyara hannu ba tare da na juyo ba.

"Yanzu kuma silin."

Ba yadda na iya. Na juyo na kalli fuskar wayar, na ce a raina ai waya nake kallo, ba ita ba. Amma ita ce a cikin wayar. Tsohuwa cikin riga da zani na atamfa da suka matse ta, hannayenta a sake, ƙafafunta a kumbure a kan ɗan farin sikeli, ta runtse ido kamar mai jiran a yi mata allura. Likitar ta ce in matso da wayar kan lambar, kuma in karanta da baki don a tabbatar. Na durƙusa dab da ƙafafun surukata na karanta. Ba zan rubuta lambar a nan ba. Na faɗe ta da Turanci, amma lamba ba ta ɓuya, Hajiya ta yi shekaru tana ciniki, ta ji.

Awon ƙugu ita ta yi da kanta da tef ɗin tela na matata. Hannunta bai kai ya zagayo ba sai da ta jingina da kantar kicin ta jawo bakin tef ɗin da yatsa. Ta danne wurin da babban yatsa ta miƙo mini tef ɗin, fuskarta a bango.

Na ɗauka an gama. Ta mayar da hijabi, na jawo mata kujera a nan kicin ɗin ta zauna tana haki. Sai likitar ta ce saura tambayoyin da suka shafi ciki, domin maganin a ciki yake aiki.

Ta yi tambaya mai tsawo: sau nawa take fita bayan gida, da tauri ko da ruwa, ko tana ganin jini, ko tana yawan amai.

Na ce, "Wai tana tambaya ko cikinki lafiya."

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Na ce wa likitar babu matsala.

Ta sake wata: yaushe al'adarta ta ɗauke, ko ta taɓa ganin wani jini bayan nan, haihuwa nawa ta yi, ko an taɓa yi mata aiki.

Na ce, "Wai ko akwai wani abin da ke damunki ban da gwiwa."

"Babu."

Likitar ta cire tabarau ta ajiye. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ba ta jin yarenmu, amma tana jin tsawon magana. Ta yi tambaya huɗu, na faɗi jimla ɗaya. Ta ce ta san abin da nauyi, ba mu ne na farko ba, amma doka ba ta ba ta damar rubuta wannan magani ba sai ta tabbata mara lafiya ta ji kowace tambaya ta kuma amsa da kanta. In ba zai yiwu ba, za ta rufe ganawar a nan, mu jira tafinta.

Ban san inda zan sa fuskata ba. Ga yarinyar da na girme wa nesa ba kusa ba ta kama ni, ga surukata tana kallon wayar tana kallon ƙasa.

"Malam," in ji Hajiya, "ta yi fushi ne?"

"A'a. Cewa ta yi ban faɗa miki duka ba."

"Ka faɗa?"

"Ban faɗa ba, Hajiya. Maganganun ne... ba na bakina ba ne."

Ta jima tana murza bakin hijabinta. Can ta ce, "Na sauko benen nan yau. Ban san ko zan iya sake saukowa don wannan ba. Jingina wayar a jikin fulas ɗin can. Kai kuma ka fita ka tsaya bayan ƙofa. Ba kai kake tambaya ba, ita ce. Ni ma ba kai nake ba amsa ba."

Na bayyana wa likitar. Ta ce in dai tana ganin fuskar Hajiya tana kuma jin muryata, ya yi. Na jingina wayar da fulas ɗin shayi, na fita, na jawo ƙofar kicin na bar 'yar kafa. Na tsaya a lungun da muke rataye rigunan sanyi, goshina a jikin katako.

Daga nan na yi tafinta. Likitar ta yi tambaya, in mayar da ita Hausa ina kallon takalman yara a ƙasa, da kalmomin da ban taɓa zaton zan furta inda surukata za ta ji ba. Ita kuma ta amsa da wata murya da ban san ta da ita ba, a sarari, ba rawa, irin muryar da mata ke yi wa junansu magana in ba namiji a kusa. Na ji abubuwan da ko matata ban tabbata ta sani ba. Haihuwar da ta yi da waɗanda ba su zo da rai ba. Ɓarin da ya kusa tafiya da ita. Wani ciwo da yake taso mata a ƙarƙashin haƙarƙarin dama in ta ci abu mai maiƙo, wanda ba ta taɓa gaya wa kowa ba don kada a ce ta cika ƙorafi a gidan mutane. Duk na juya su Turanci, ɗaya bayan ɗaya, da bakina.

Sai likitar ta ce ta kwatanta mata yadda take cin abinci a yini, daga safe zuwa dare, da kuma irin motsin da take yi.

Hajiya ta ce da safe 'yarta takan kai mata shayi da burodi kafin ta fita. Daga nan sai dare.

Likitar ta ce, ba abincin rana?

Ta ce akwai biskit da cincin da lemon kwali a ɗakinta, da su take riƙe ciki. In dare ya yi an dawo, sai ta ci da yawa saboda yunwa.

Me ya sa ba ta saukowa ta dafa wani abu, ko ta ɗan zaga bayan gida? Gwiwar ce?

"Gwiwar ma akwai," in ji Hajiya. "Amma da ina saukowa. Har bakin titi nakan je in dawo. To yanzu maigidan yana aiki a ƙasa, a kan teburin nan, kuma hanyar kicin da hanyar waje duk ta gabansa suke. Ba zan yi ta gifta shi ina ɗingishi ba, yana magana da manyan mutane a na'ura. Ba zan kuma tsaya ina tauna a inda zai ji ba. Sai in zauna a sama har ya tashi."

Ta gama, tana jira in fassara.

Tun lokacin annobar nan da aka rufe gari na kafa kwamfutata a teburin, ban kuma ɗauke ta ba. Ina jin daɗin wurin saboda haske da kusanci da butar shayi. Kullum ina jin shirun da ke sama, ina cewa a raina Hajiya mai son hutu ce, mai yawan lazimi. Har na taɓa ce wa matata, cikin raha, mahaifiyarki ba ta son motsi.

"Yallaɓai?" in ji likitar. "Kana nan?"

Na ce ina nan. Na fassara. Ban rage komai ba. Da na zo kan "maigidan" na rasa yadda zan ce, sai na ce "ni".

Likitar ba ta ce komai a kan wannan ba, na kuma gode mata a raina. Ta ce ba za ta rubuta maganin a ranar ba. Ciwon nan na ƙarƙashin haƙarƙari yana iya zama tsakuwa a maɗaciya, allurar kuma takan tsananta irin wannan. Za ta rubuta wa likitan unguwa a yi hoton ciki da gwajin jini, in sakamako ya fito a sake zama. Ta yi wa Hajiya bayanin abin da maganin yake yi da abin da ba ya yi, da tashin zuciya da gudawar da yakan kawo a farko, na bi ta jimla-jimla daga bayan ƙofa. Hajiya ta ce ta ji, ta gode, Allah ya yi mata albarka. Wayar ta yi ƙara ta mutu.

Ban shiga ba. Na buɗe ƙofar gida na fita ba ko rigar sanyi, na tsaya a gefen kwandunan shara, don ta samu ta wuce ta hau sama ba tare da mun haɗu ba. Maƙwabciyarmu, wata 'yar Kumasi da ke aikin kula da tsofaffi, tana dawowa daga aiki ta gan ni. Ta ce da irin Hausarsu ta zango, "Alhaji, lafiya? Sanyi bai kama ka?" Na ce iska nake sha.

Da yamma matata ta dawo ta tambaye ni yadda aka yi. Na ce an ce a yi hoton ciki tukuna. Ta ce me ya sa? Na ce ta tambayi mahaifiyarta. Ta hau sama, ta daɗe, ta sauko idonta ja. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Ban san iyakar abin da Hajiya ta gaya mata ba, har yau.

Washegari na kwashe kwamfutata da takarduna. Ranakun da ba na zuwa ofis sai in tafi ɗakin karatu na unguwa in yini a can, cikin 'yan makaranta da tsofaffi masu karanta jarida. Na ce wa matata intanet ɗin can ya fi ƙarfi. Ta dube ni ta ce, "Haka ne."

Tsakanina da Hajiya kuwa abin ya ƙara nauyi. Kusan wata guda ko gaisuwar safe ta gagare ni, sai in aika yara su ce Baba yana gaishe ki. Duk lokacin da na tuna kalmomin da na furta a bayan ƙofar nan sai in ji kamar in nutse. Ita ma, in ji yaran, da ta ji ƙarar makullina sai ta yi shiru ko da tana tsakiyar magana.

Hoton ya nuna tsakuwar. Aka yi mata ɗan aiki aka cire maɗaciyar, ta kwana biyu a asibiti. Bayan ta warke aka sake zama da likitar, aka fara mata allurar da mafi ƙarancin awo. Duk wata sai an sake ganinta ta bidiyo a kan sikeli kafin a aiko da na gaba, haka dokar ta ce. In matata tana aiki, maƙwabciyar nan ce take shigowa ta riƙe waya ta yi tafinta. Hajiya takan ce Hausar matar ba ta san mace ba ta san namiji ba, kowa "ka" ne a wurinta, amma suna fahimtar juna, har sun saba. Ni ba a sake nema na ba.

Jikin bai zube kamar yadda ake nunawa a talla ba. Ya ɗan sauka, sugan ya daidaita, ta kuma sha fama da tashin zuciya a watannin farko har ta so ta bari.

Wata ranar kasuwa, wajen la'asar, ina cikin bas ina dawowa daga ɗakin karatu, sai na hango su ta taga a bakin rumfar masu kayan miya. Maƙwabciyar tana riƙe da jaka mai taya, Hajiya kuma ta jingina sandarta da tebur, ta ɗaga doya guda tana jujjuya ta, tana yi wa mai rumfar magana da hannu, da alama cewa take yi ya rage. Dariya take yi, baki buɗe. A nan ya kamata in sauka, har na danna ƙararrawa. Da bas ɗin ya tsaya ƙofa ta buɗe, sai na ga in na sauka dole ta gan ni, ta ajiye doyar, ta gyara hijabi. Na koma na zauna. Direban ya leƙo ta madubi yana jira, na ɗaga masa hannu na ba shi haƙuri. Sai a tasha ta gaba na sauka, na biyo ta bayan layi na dawo gida da ƙafa.